Kafin A Sa Ƙungiyoyin Wasanmu A Kasuwa

Duk lokacin da albashin 'yan wasa ya makara, ko aka ji wata ƙungiya ta rasa kuɗin motar zuwa gasa, sai tsohuwar maganar nan ta sake tashi a gidajen rediyo da shafukan wasanni, cewa gwamnatocin jihohi su cire hannunsu daga ƙungiyoyin wasa su sayar wa 'yan kasuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu zo domin mu ƙaryata ta ba. Sai dai akwai tambaya guda wadda masu wannan kira ba su cika tsayawa a kanta ba. Idan aka sayar da ƙungiya, mai saye ya ƙirga kuɗinsa ya biya, me zai hana shi kwashe ta ya kai wani gari?

Mu ɗauki Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ita ce abin alfaharin Arewa a wannan wasa. Da yawa daga cikinmu in aka ce Pillars ƙwallon ƙafa kaɗai muke tunawa, alhali 'yan kwandon ma sun ɗaga sunan Kano ba kaɗan ba. Sun ci gasar ƙasa sau da dama, ciki har da ta 2013, da 2014, da 2016, da 2017. A 2016 sun zo na uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira. Gidansu shi ne zauren wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma gwamnatin Jihar Kano ce ke riƙe da su. A gasar ƙasa an saba raba ƙungiyoyi gida biyu, na Arewa da na Kudu. A ɓangarenmu an san Gombe Bulls, da Bauchi Nets, da Plateau Peaks, da Niger Potters. Mai karatu ya dubi sunayen da kyau. Kowace tana ɗauke da sunan wurinta a ka, har da duwatsun Filato da tukwanen Neja.

Shekarun baya ba wanda zai damu ya sayi irin waɗannan ƙungiyoyi, domin ba riba a ciki. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, wanda ya ɓarke a 2017 lokacin da aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, Tijani Umar da Musa Kida kowa yana cewa shi ne shugaba, ya gurgunta gasar cikin gida na tsawon shekaru. Abin ya kai har a watan Mayu na 2022 gwamnatin tarayya ta janye Nijeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa. Ko da yake ta sake shawara bayan 'yan makonni, 'yan matanmu sun riga sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara, aka ba Mali. Amma a cikin wannan hali ne wani sabon abu ya shigo. Tun 2021 aka fara babbar gasar Afirka da ake kira BAL, wadda hukumar NBA ta Amurka ke da hannu a ciki, da kuɗi da talabijin da masu talla. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta wakilci Nijeriya a ciki, Kwara Falcons ta Ilorin ma ta je a 2023. Ma'ana, gurbi a gasar Nijeriya ya zama ƙofar shiga wata kasuwa, kuma ƙofa irin wannan tana da masu so.

To, a ce wani attajiri ya sayi ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Arewa gobe. Zai zauna da alƙalami ya yi lissafi. Manyan kamfanoni masu ba da talla suna Legas. Abuja ta fi sauƙin jirgin sama da masauki. Ɗan wasan da aka ɗauko daga waje zai tambayi zaman lafiyar hanya kafin ya tambayi albashi. Ba sai mutumin ya kasance mugu ba kafin lissafin ya nuna masa kudu.

Kada wani ya ce wannan tsoro ne na banza, domin a ƙwallon ƙafa an riga an yi. A 1997 gwamnatin Jihar Kwara ta sayi ƙungiyar Exide ta Ibadan, ta kawo ta Ilorin, ta raɗa mata suna Kwara United. A 2003 gwamnatin Nasarawa ta karɓi Black Stars ta Gombe, ta zama Nasarawa United a Lafiya. A 2024 kuwa, Heartland ta Owerri ta faɗi daga babbar gasa, sai ta karɓi gurbin Beyond Limits ta Ikenne wadda ta hau da guminta, ta dawo ta ƙofar baya. Bayan shekara guda ta sake faɗuwa. A duk waɗannan cinikayya an tambayi mai sayarwa, an tambayi mai saye, an tambayi hukuma. Mutumin da ya saba biyan kuɗin ƙofa ya zauna cikin rana yana ihu, shi a rediyo yake jin labari.

Inda wannan al'amari ya fi fitowa fili shi ne Amurka, ƙasar da ƙwallon kwando ya zama babbar sana'a. Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan labarin birnin Seattle, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Seattle birni ne a arewa maso yammacin Amurka. Tun 1967 yake da ƙungiya mai suna SuperSonics, wadda ta ci kofin NBA a 1979. Ɗan Nijeriya ma ya taɓa sa rigarta, wato Olumide Oyedeji, wanda ta ɗauka a shekarar 2000. Mai ƙungiyar, Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks mai sayar da gahawa, ya nemi hukuma ta zuba kuɗin jama'a a gyara zauren wasa, duk da cewa an yi wa zauren babban gyara a 1995. Da bai samu ba, sai a 2006 ya sayar da ƙungiyar a kan dala miliyan 350 ga wasu 'yan kasuwa na birnin Oklahoma, ƙarƙashin jagorancin Clay Bennett. Sababbin masu ita suka ce za su yi ƙoƙari su bar ta a inda take, in dai an gina masu sabon zaure na kusan dala miliyan 500, mafi yawa daga harajin jama'a. Jama'a suka ƙi. Daga baya, da shari'a ta sa aka fito da wasiƙun da masu sayen suka riƙa aika wa junansu, sai mutanen Seattle suka ga tun da wuri zuciyarsu tana gida.

A watan Afrilu na 2008 masu ƙungiyoyin NBA suka kaɗa ƙuri'a, 28 suka yarda a tafi, 2 suka ƙi. Abin da ya rage wa birnin ya riƙe shi ne takardar hayar zaure, wadda saura shekara biyu ta ƙare. A watan Yuli aka sasanta: aka biya birnin dala miliyan 45, aka bar masa sunan SuperSonics da launin riga, aka kwashe 'yan wasa aka kai su nisan fiye da kilomita 2,000. Cikin waɗanda aka kwashe har da wani yaro, Kevin Durant, wanda shekara guda kacal ya yi a Seattle, daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen duniya. Shekara 41 ta zaman tare ta ƙare ke nan. A 2025 ƙungiyar, da sabon sunanta Thunder, ta ci kofin NBA, aka yi biki a titunan Oklahoma. Har yau ba wata ƙungiyar NBA da ke wasa a Seattle. Suna yana nan a ajiye, kamar rigar mamaci a cikin adaka.

Abin da ya kamata mu lura da shi a wannan labari shi ne, ba a karya doka ko ɗaya da ta isa ta hana tafiyar ba. Mutanen birnin sun yi zanga-zanga, sun rubuta wasiƙu, sun cika zaure. Duk ƙaunar da suka nuna ba ta cikin takarda. Abin da ke cikin takarda, wato yarjejeniyar haya, shi kaɗai ya kawo masu wani abu.

Bayan shekara biyar sai reshe ya juya da mujiya. A farkon 2013 wasu attajirai, Chris Hansen da Steve Ballmer, suka daidaita da iyalin Maloof za su sayi ƙungiyar Kings ta birnin Sacramento su kai ta Seattle. Waɗanda aka yi wa jiya suna shirin yi wa wasu yau. Magajin garin Sacramento, Kevin Johnson, wanda shi kansa tsohon ɗan wasa ne, ya tashi tsaye ya haɗa wasu masu saye ƙarƙashin Vivek Ranadive, ɗan asalin Indiya. A watan Mayu masu ƙungiyoyi suka ƙi amincewa da ƙaurar, da ƙuri'a 22 a kan 8. Kings ta zauna. Amma zaman bai zo a kyauta ba, domin sai da birnin ya ɗauki nauyin kimanin dala miliyan 255 a ginin sabon zaure, wanda aka buɗe a 2016. Wannan kuɗin makaranta ne da asibiti da hanya. Ita Kings ɗin ma, in an bi tarihi, baƙuwa ce: daga Rochester ta koma Cincinnati, daga can Kansas, kafin ta iso Sacramento a 1985. Ko Rockets ta Houston, wadda Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya ci wa kofi a 1994 da 1995, daga San Diego aka ɗauko ta a 1971.

Wato gari biyu, ɗaya ya riƙe kuɗinsa ya rasa ƙungiya, ɗaya ya riƙe ƙungiya ya ɗauki bashi. Dukansu biyu an tsare su ne a lungu, saboda sun bari sai da wuƙa ta zo wuya kafin suka fara neman hujja.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Mutumin da ya zuba dukiyarsa yana da hakki ya nemi riba, ba kuwa za a ce ya yi ta asara domin mu ji daɗin tafi ba. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Riƙon da gwamnatocinmu ke yi wa ƙungiyoyi ba abin yabo ba ne. Gwamna mai son wasa ya zo, a sayi mota sabuwa, a ba da kyauta. Wani ya gaje shi, a bar yara wata da watanni ba albashi, ɗan wasa ya ji rauni ya yi jinya da aljihunsa. Ana naɗa shugabannin ƙungiya domin sakayyar siyasa, ba domin sun san wasan ba. Ƙungiyar da ta dogara da mutum ɗaya kuma ba ta fi tsira ba. Dattawan Kano suna tuna Raccah Rovers, zakarun Nijeriya a 1978. Yau sai dai labari. Saboda haka ba mu ce kada a sayar ba. Muna cewa a san abin da ake sayarwa.

Abin da ake sayarwa kuwa ya wuce riguna da mota da kwantiragin 'yan wasa. Mu a ƙasar Gobir ba sai an yi mana dogon bayani ba. In ɗan kokawa ya fito fili, kirarin garinsu ake yi masa, in ya kayar kuma garin ne ya kayar. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka suna da gasar takobi ta kokawar gargajiya tun 1975, inda kowace jiha ta Nijar ke kawo gwanayenta, Maraɗi da nata, Tawa da nata, Doso da nata. Wa zai iya tunanin wani mai kuɗi ya sayi 'yan kokawar Maraɗi dukansu, ya kai su Yamai, ya ce daga yau sunansu ya canja? Za a ce ya taɓu. Darajar ƙungiya daga mutanen da ke kiran sunanta take fitowa. Su suka gina ta shekara da shekaru, da kuɗin ƙofa, da muryoyinsu, da 'ya'yansu da suka ba ta. Ranar ciniki kuwa ba a kasafta masu ko kwabo.

Akwai kuma masu cin abinci a gefe. Ranar wasa kamar ranar kasuwa take. Mai shayi, da mai tsire, da mai ruwan sanyi, da ɗan kabu-kabu, da tela mai ɗinka tuta, kowa yana samun na cefane. Kanawa sun ɗanɗana wannan a 2022, lokacin da aka kori Pillars ta ƙwallon ƙafa daga gida zuwa Abuja bayan rikicin da aka yi a wasansu da Katsina United, a shekarar da ta faɗi daga babbar gasa. Wannan hukunci ne na ɗan lokaci, kuma laifin wasu 'yan kallo ne ya jawo shi. Ƙaurar ciniki ba ta da ranar dawowa.

Mun san wani zai ce, ina ruwan mutumin Unguwar Lalle da ƙwallon kwando? Mutanen da aka kai wa kasuwarsu hari a watan Oktoba na 2021, waɗanda suka ga an rufe kasuwannin mako-mako an yanke layin waya a wannan shekara, waɗanda danginsu da yawa suka tsallaka Jihar Maraɗi neman mafaka, su ne za a zo wa da zancen wasa? Tambayar tana kan hanya, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. Amma mu muka fi kowa sanin yadda gari ke mutuwa. Ba a rana ɗaya yake mutuwa ba. Malamin makaranta ya nemi canji, ma'aikacin asibiti ya daina kwana, direba ya daina bin hanyar, kasuwa ta koma wani wuri. Kowane ɗayansu yana da hujjarsa, kuma hujjar gaskiya ce. Idan aka wayi gari sai a tarar ba abin da ya rage da zai sa saurayi ya zauna. Abin da ke faruwa da ƙauyukan Sabon Birni da Isa a ƙaramin ma'auni, shi ne zai faru da Arewa a babban ma'auni idan duk abin da ke tara matasa wuri ɗaya ya bi lissafin riba ya gangara kudu. Yaron da ke kallon wasa a gidan kallo a Sabon Birni yana bukatar ya san akwai hanya daga nan zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Kano, ba sai ya ƙetare Kwara ba kafin wani ya ga tsawonsa.

Hanyar nan kuwa ta taɓa kai mutum nesa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara jefa ƙwallo a kwando, ƙarƙashin wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne ya zama shugaban Toronto Raptors, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019. Da babu fili da koci a Zariya a lokacin da yake yaro, da labarin bai faru ba.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohin Arewa da majalisunsu, tun kafin wani mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙungiyar da aka gina da kuɗin jama'a, in za a sayar da ita, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa suna da launi da gurbin gasa na jihar ne, mai saye aro aka ba shi ya juya. A rubuta yawan shekarun da dole ta yi wasanninta na gida a garinta. In mai saye ya gaji yana son fita, a fara yi wa mutanen gari tayi, a ba su lokaci su haɗa kuɗi. Zauren wasa kuma kada a haɗa shi cikin ciniki ko da wasa, haya kawai za a bayar. Wannan ba baƙon tsari ba ne a duniya. A Jamus tun 1998 akwai ƙa'ida cewa mambobin ƙungiyar ƙwallon ƙafa su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, ko nawa ɗan kasuwa ya zuba, ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan da aka keɓe. Hakan bai hana su cika filaye ba, bai kuma hana su cin kofuna ba. Hukumomin wasanni na ƙasa su ma su daina barin ana cinikin gurbi kamar rumfar kasuwa. Wanda ya faɗi ya koma ya hau da ƙafarsa.

Gwamnatin Jihar Sakkwato tana da nata aikin. Ba mu roƙi a sayo mana ƙungiyar wani gari ba, domin abin da ba mu so a yi mana ba za mu so a yi wa wani ba. Muna roƙon a mayar da wasannin makarantu a ƙananan hukumomin gabashin jihar duk inda tsaro ya ba da hali, a kuma tuna da yaran da ke zaune a wuraren gudun hijira, waɗanda yininsu ke wucewa ba makaranta ba gona.

Sauran kuma yana hannunmu, 'yan'uwa. Wasan nan a makarantar ƙungiyar samari ta YMCA aka ƙirƙiro shi a 1891, lokacin da wani malami, James Naismith, ya rataye kwandunan 'ya'yan itace guda biyu domin ya samar wa ɗalibansa abin yi da hunturu. Bai bukaci babban fili ba. Cikakken filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, rabinsa ma ya isa mutum uku-uku su kara. Zoben yana tsayin ƙafa 10 daga ƙasa. Maƙeri zai iya lanƙwasa shi, kafinta ya yi allo, samari su daɓe ƙasa a yini biyu. Ikilisiyar da ke da ɗan sarari a harabarta, ko makarantar da ke da fili a baya, ta sa wannan a cikin shawarar kwamitinta na wata mai zuwa. A buɗe wa yaran unguwa duka, Kirista da Musulmi, maza da mata kowa da lokacinsa. A rubuta a littafin kwamiti, da sa hannun mai unguwa, cewa ƙungiyar da za ta fito daga wannan fili sunan garin za ta ɗauka, kuma ko wa ya sayo mata riguna, rigunan kaɗai ya saya.